Yadda Ake Gwada Halin Tsaro na Karen Gadi Kafin a Fitar da Iri Daga Gare Shi

Yawancin masu kiwon karnukan gadi a garuruwanmu, idan suka tashi zaɓen karen da zai yi barbara ko karyar da za ta haihu, abu biyu suke dubawa: girman jiki da zafin haushi. Karen da ya fi cika unguwa da haushi a bayan ƙofa shi ake nuna wa mai saye, shi kuma ake kai wa karya. Wannan ma'auni yana da haɗari, domin dalilan da ke sa kare haushi da cizo suna da yawa, kuma sau da yawa dalilin tsoro ne. Karen da tsoro ke sa shi faɗa shi ne yake cizon yaron maƙwabta da aka aiko gidan, amma ranar da ɓarawo na gaske ya tunkare shi da gora sai ya nemi ƙarƙashin mota. Idan irin wannan kare ya haifi kwiyakwiyai takwas, an rarraba matsalarsa ne zuwa gidaje takwas.

Jamusawa sun daɗe da gane haka. Max von Stephanitz ya kafa ƙungiyar masu kiwon karen makiyayan Jamus, wanda aka fi sani da Alseshan, a shekarar 1899, kuma a 1901 aka fara gwajin Schutzhund, wanda ya haɗa bin sawu da biyayya da ba da kariya, don a san karnukan da suka cancanci a fitar da iri daga gare su. Yau sunan gwajin IGP. A tantancewar masu haihuwa da suke kira Körung, alƙali yana auna abu uku a haɗe, wato ƙarfin son aiki da yarda da kai da jure matsi, sannan ya rubuta ko sun bayyana sosai, ko akwai su daidai gwargwado, ko ba su isa ba. Babu gurbin da aka ware don ba wa mugunta maki. Matakan da ke tafe an gina su ne a kan wannan fahimta, ta yadda mai kiwon da ba shi da alƙali ko filin gasa kusa da shi zai iya bin su.

Mataki na farko: a jira kare ya mallaki hankalinsa

Halin tsaro ba ya gama bayyana sai kare ya girma, kuma manyan iri irin su Rotwaila da Burbul da Kokeshiyan suna jinkirin girma. Ƙungiyar gwajin halin karnuka ta Amurka, wadda Alfons Ertelt ya kafa a 1977, ba ta karɓar karen da bai kai wata 18 ba, Körung kuwa sai kare ya kai shekara biyu. Kada ka dogara da abin da ka gani a ɗan kwikwiyo. A ƙasar Suwidin, Wilsson da Sundgren sun gwada kwiyakwiyan Alseshan 630 'yan mako takwas, suka wallafa sakamakon a 1998, inda ya nuna cewa halin da kwikwiyo ya nuna a wannan shekaru bai isa a yi hasashen ko zai dace da aiki idan ya girma ba. Kwikwiyo ɗan wata huɗu da ke yi wa baƙi gurnani ba jarumi ba ne, abin damuwa ne, domin a wannan lokaci kamata ya yi a same shi mai son sanin kowa da komai.

Mataki na biyu: likitan dabbobi kafin filin gwaji

Ciwo yana sauya hali. Karen da ƙugunsa ke ciwo, ko kunnensa ya ruɓe, ko zazzaɓin kaska ya cinye masa jini, zai iya yin faɗan da ba halinsa ba ne, ko ya yi sanyin da ba nasa ba. A duba shi sarai, a tabbatar allurar rigakafin ciwon haukan kare ba ta wuce lokacinta ba, a kuma ɗauki hoton ƙashin ƙugu da na gwiwar ƙafafun gaba, domin gurɓacewar waɗannan gaɓoɓi gado ce da ta yi yawa a manyan karnuka. Gidauniyar OFA ta Amurka, mai tantance lafiyar ƙashi da gaɓoɓin dabbobi, ba ta ba da shaidar ƙarshe ta lafiyar ƙugu sai kare ya kai wata 24. Asibitocin koyarwa na likitancin dabbobi, irin na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, su ne wurin da ya dace a fara tambayar wannan hoto. Ba a gwada karya lokacin da take neman namiji, ko tana da ciki, ko tana shayarwa, domin zafin da take nunawa a kan 'ya'yanta na ɗan lokaci ne. A kuma zaɓi sanyin safiya ko na yamma, saboda karen da zafin rana ya galabaitar ba zai nuna komai ba sai haki.

Mataki na uku: a binciki gidan da ya fito da yadda aka raine shi

Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, kuma a wajen kare tsoro yana daga cikin abubuwan da ke bin jini. A shekarun 1960, Murphree da abokan aikinsa a jihar Akansas ta Amurka sun riƙa haɗa karnukan farauta matsorata da junansu, har suka samar da zuriyar da ke sandarewa da zarar mutum ya matso, alhali zuriyar da suka fitar daga masu natsuwa ta kasance lafiya lau. Saboda haka ka nemi ganin uwa da uba da idonka, ka tambayi inda 'yan'uwansa na ciki ɗaya suke da yadda suka kasance. Kare mai kyau da ya fito daga cikin 'yan'uwa shida matsorata ya fi zama haɗari wajen fitar da iri a kan kare matsakaici da duk danginsa masu natsuwa ne.

Reno ma yana da nasa rabo. Binciken Scott da Fuller da aka buga a 1965 ya nuna cewa tsakanin mako uku zuwa kimanin mako 12 ne kwikwiyo yake koyon sabawa da mutane da duniya. Al'adar da ta yaɗu ta kulle kare a keji tun yana ƙarami, wai don kada ya saba da mutane ya rasa zafi, tana samar da karen da bai san bambancin baƙo da maƙiyi ba, kuma tana hana mai gwaji sanin abin da ya gada da abin da kulle ya jawo masa. Idan karenka haka ya tashi, rubuta wannan a takardarsa, amma kada ka mai da shi uzurin da zai wanke shi daga kowace faɗuwa. Abin da ba a iya tabbatar da shi ba, ba a gina zuriya a kansa.

Mataki na huɗu: shirya wuri da mutane

A fara gwajin a wurin da kare bai sani ba, kamar fili mai shinge da babu yara ko dabbobi a kusa. A cikin gidansa kusan kowane kare yana da baki, a waje ne ake ganin abin da ke cikin zuciyarsa. Ana bukatar mai kare, da mutum huɗu ko biyar da karen bai taɓa gani ba, da mutum ɗaya da zai taka rawar mai barazana, da mai rubuta sakamako wanda ba shi da ko sisi a cikin cinikin karen, domin mai kare ba ya ganin aibin abin da ya raina. A tanadi abin wuya mai faɗi na fata, da igiya mai ƙarfi ta kimanin mita biyu, da wata doguwa da za a ɗaure a turke ko bishiya, da takunkumi idan karen ya taɓa cizon mutum. A ɗauki komai a bidiyo da waya, saboda alamun tsoro suna wucewa cikin ƙiftawar ido. Sharaɗi mafi muhimmanci shi ne mai kare ya yi shiru: ba umarni, ba zuga, ba lallashi, kuma igiya ta kasance a sake. Ana son ganin abin da kare zai yi da kansa ne.

Mataki na biyar: baƙon da bai zo da sharri ba

Baƙo na farko ya zo ya gaisa da mai kare, su yi musafaha su ɗan yi hira, ba tare da ya kula karen ba. Na biyu ya zo da fara'a, ya yi wa karen magana, idan ya ga fuska ya shafa shi. Daga nan sauran mutanen su kewaye su suna tafiya suna hira kamar a bakin kasuwa. Karen gadi ba dole ne ya so baƙo ba, kuma wasu iri, musamman masu gadin garke irin Kokeshiyan, halinsu ne su kame. Kamewa daban, tsoro daban. Mai kamewa yana tsaye a kan ƙafafunsa huɗu, yana kallo, yana shinshina, sannan ya kau da kai don bai ga abin damuwa ba. Matsoraci yana laɓewa bayan mai shi, ko ya ja da baya har igiya ta miƙe, ko ya kai cizo ga hannun da aka miƙo da alheri. Wanda ya kai wa mai sallama hari ya faɗi tun daga nan, kuma babu dalilin ci gaba da shi zuwa sauran matakai.

Mataki na shida: firgita da dawowa hayyaci

Yayin da kuke tafiya, wani da ya ɓuya ya girgiza bokitin ƙarfe da aka zuba wa duwatsu, sannan ya ajiye shi a fili. Can gaba wani da ke zaune ya buɗe laima kwatsam lokacin da kare ya matso kimanin mita biyu, ya ajiye ta a ƙasa. A sa karen ya taka leda mai faɗi da ragar waya da aka shimfiɗa. A Jamus ana harba ƙaramar bindigar gwaji daga nisan taku 15. Inda hakan zai tayar da hankalin jama'a ko ya saɓa doka, haɗa faffaɗan katako biyu da ƙarfi ya wadatar.

Kowane kare mai lafiya zai iya zabura, kuma zaburar ba laifi ba ce. Abin aunawa shi ne abin da ya biyo baya. Duba agogo ka ga daƙiƙa nawa ya ɗauka kafin ya koma ya shinshini bokitin ko laimar da kansa. Wanda ya zabura sannan ya je ya bincika cikin 'yan daƙiƙoƙi yana da ƙarfin zuciyar da ake nema. Wanda sai mai shi ya je ya taɓa abin tukuna ya matso, matsakaici ne. Wanda ya ƙi matsowa sam, ko ya ci gaba da waiwaye da rawar jiki bayan an wuce wurin, bai dace da fitar da iri ba ko da kyansa ya kai ina. A ganina wannan mataki ya fi matakin cizo da ke tafe faɗin gaskiya, domin horo yana iya koya wa kare kama hannun rigar kariya da mai horo ke sawa, amma da wuya ya ɓoye tsoron ƙara.

Mataki na bakwai: barazana, daki-daki

A ɗaure doguwar igiya a turke, mai kare ya tsaya a gefensa, a kuma ja layi a ƙasa wanda ya wuce iyakar igiyar da aƙalla mita uku, wanda mai barazana ba zai tsallake ba ko ta halin ƙaƙa. Mutumin ya yi shigar da ba a saba gani ba, kamar babbar riga da malafa da rawani ya rufe fuska.

Da farko ya ratsa ta gaban kare daga nisan mita 15 yana tangaɗi yana surutai, ba tare da ya dube shi ba. A nan ana son kare ya lura, ya miƙe, ya zuba ido. Sannan ya juyo ya fuskanci karen da mai shi, ya riƙa matsowa a hankali yana tsayawa, yana kafe karen da ido. A nan ya kamata kare ya matsa gaba, ya shiga tsakanin mai shi da mutumin, ya yi gargaɗi. A ƙarshe mutumin ya ɗaga sanda ya daka tsawa ya taho da sauri har bakin layi, ya tsaya 'yan daƙiƙoƙi, sannan ya juya ya gudu. Ba a dukan kare a wannan gwaji, kuma da zarar an ga ya karaya sai a tsaya, mutumin ya ja da baya, don kada a bar masa tabon da ba zai warke ba.

Yanzu sai karatun jiki, wanda shi ne ainihin aikin. Kare mai yarda da kansa nauyinsa yana kan ƙafafun gaba, igiyarsa a miƙe take ta wajen mai barazana, haushinsa mai kauri ne da ke fitowa daga ƙirji a jere, kuma idonsa ba ya barin mutumin. Wanda tsoro ke tuƙa shi nauyinsa yana baya, haushinsa siriri ne mai sauri kamar kururuwa, yana kai gaba yana komawa, leɓɓansa sun ja baya har ana ganin haƙoran ciki, kunnuwansa sun kwanta, wutsiyarsa ta shige tsakanin cinyoyi, yana waiwayen mai shi ko hanyar gudu. Tashin gashin baya shi kaɗai ba hujja ba ce, alama ce ta cewa ransa ya motsa, sai an haɗa da sauran. Inda aka yanke wa kare wutsiya ko kunne, kamar yadda ake yawan yi wa Rotwaila da Burbul da Dobaman, a mai da hankali kan ƙafafu da baki. Bidiyo yana da amfani a nan: a mai da shi a hankali a dubi daidai lokacin da aka ɗaga sanda, a ga ko ƙafar gaba ta matsa gaba ko ta ja baya.

Akwai kare na uku da ke ruɗar masu kiwo, wanda yake tsaye shiru har mutumin ya iso kusa sannan ya motsa. Sau da yawa wannan shi ne mafi ƙarfin zuciya a cikinsu, sai dai bai ɗauki abin da ke nesa a matsayin barazana ba. Idan jikinsa a sake yake kuma idonsa na kan mutumin, kada a yi masa gaggawar hukunci. Idan kuwa shirun nasa na sandarewa ne, yana lasar baki yana kau da kai, tsoro ne ya ɗaure shi. Akwai kuma wanda ba ya motsi sai mutumin ya juya ya gudu, sannan ya ɓarke da haushi yana son bi. Wannan son kora ne irin na farauta, abu ne mai amfani wajen horo, amma ba shi ne tsayawa gaban mai tahowa ba, kuma a rubuta su a gurabe daban.

Mataki na takwas: ya san an gama?

Bayan minti biyu ko uku, mutumin ya tuɓe shigar a inda kare ke ganinsa, ya ajiye sanda, ya dawo a natse ta gefe ya gaisa da mai kare daga bayan layi. A gwajin halin karnuka na ƙasar Suwidin akwai makamancin wannan, inda mutum biyu lulluɓe da fararen mayafai suke tahowa a hankali, daga baya a bar kare ya je ya gane cewa mutane ne. Karen da ya dace zai iya ci gaba da sa ido, amma numfashinsa zai daidaita, zai ji kiran mai shi, zai iya zama ko ya karɓi abinci. Wanda ya kasa sauka, yana kumfa yana cizon igiya, ko ya juya ya kai wa mai shi cizo saboda zafin rai, bai dace da gidan da ake shiga da fita ba, kuma 'ya'yansa gidajen mutane za su tafi, inda akwai yara da almajirai da masu kawo ruwa.

Mataki na tara: cizo, ga wanda ke da ƙwararre kawai

Ba kowane mai kiwo ne yake bukatar wannan ba, kuma ba a yin sa sai da mai horon da ya san aikin, sanye da rigar kariya. Ana duba ko kare ya kama da cikakken baki ya riƙe a natse, ko kuwa da haƙoran gaba yake tsakura yana saki yana kuka, sannan ko yana saki idan an umarce shi. A gasar IGP karen da ya ƙi saki bayan umarnin da aka halatta ana fitar da shi. A tuna cewa wannan mataki ya fi kowanne gauraya da horo, don haka nauyinsa a ma'auni bai kai na mataki na shida da na bakwai ba.

Mataki na goma: maimaitawa da yanke hukunci

Gwaji ɗaya ba ya isa. A sake shi bayan makonni, a wani wuri da wasu mutane, sannan a yi na uku a gida da dare, inda wani zai taɓa ƙofa ko ya leƙo ta katanga kare yana ɗaure, sau ɗaya mai gida yana nan, sau ɗaya ba ya nan. Kada a yawaita fiye da haka, domin kare zai haddace wasan. A kowane mataki a rubuta ɗaya daga cikin hukunci uku irin na Jamusawa, tare da bayanin abin da aka gani da ido, kamar "ya ja baya taku biyu, ya dawo cikin daƙiƙa biyar", maimakon "ya yi ƙoƙari".

Abu uku suna fitar da kare daga jerin masu haihuwa kai tsaye: kai hari ba tare da tsokana ba, firgitar da ba a dawowa daga gare ta, da gudu ya bar mai shi. Karen da bai nuna zafi sosai ba amma zuciyarsa tsayayya ce ana iya haɗa shi da wanda ya fi shi zafi. Abin da ba a yi shi ne haɗa matsoraciyar karya da mugun kare da fatan 'ya'yan za su fito tsaka-tsaki, domin abin da aka fi samu shi ne kwiyakwiyan da suka haɗa tsoron uwa da saurin cizon uba. A tsananta wa karya kamar yadda ake tsananta wa namiji, ko ma fiye, tunda ban da rabin jinin da take bayarwa, ita ce kwiyakwiyai ke kwaikwayo a makonninsu na farko.

Ko bayan an bi duk wannan, gado ba ya ba da tabbaci. Wani bincike da aka buga a 2002 a kan Alseshan na ƙasar Suwizalan ya gano cewa rabon gado a bambancin halayen da aka gwada yana tsakanin kashi 9 zuwa 24 cikin ɗari ne, sauran kuwa reno ne da muhalli da yanayin ranar gwaji. Wannan ne ya sa bayanan dangi da na 'ya'ya suka fi sakamakon kare ɗaya nauyi. Ka ajiye lambar duk wanda ya sayi kwikwiyo a hannunka, ka nemi a kawo maka su idan sun kai wata 18 a yi musu wannan gwaji, kuma kada ka sake haɗa uwa da uban nan karo na biyu sai ka ga yadda haihuwar farko ta kasance. Idan biyu ko uku daga ciki suka faɗi a matakin ƙara ko na baƙo, a sauya namijin, idan kuma aka sake ganin haka da wani namiji, a dakatar da karyar daga haihuwa, a kai ta wurin likita ya yi mata aikin hana ɗaukar ciki.